Wa Ke da Ikon Cewa An Warke?

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka afka wa arewa maso gabashin Japan, tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi ta lalace, hukuma ta kwashe duk mai zaune cikin kilomita 20 daga tashar. Bayan shekara goma, a Maris 2021, daga wannan lardi aka tashi da wutar gasar Olamfik ta Tokyo, gasar da gwamnati ta yi wa laƙabi da ta farfaɗowa. Tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: wa ke da ikon cewa al'umma ta warke, wanda ya share ƙasa ya shimfiɗa titi, ko wanda aka raba da gidansa?

Masu shirya fina-finan gaskiya na Japan, waɗanda babu ɗan wasa a cikinsu, sun tarar da wata matsala tun farko. Ɓarnar ruwa tana ɗaukuwa a hoto, amma gubar nukiliya ba ta da launi balle ƙamshi. Gida na nan da rufinsa, itatuwa na fure, sai dai ba a shiga. Da kyamara ta rasa abin nunawa, sai ta koma kan fuskokin masu jira.

Haka Atsushi Funahashi ya yi a fim ɗinsa na 2012, wanda sunansa na Japananci ke nufin nesa da Futaba. Mutanen garin kimanin 1,400 ne aka sauke a wata tsohuwar makarantar sakandare a lardin Saitama, har da ofishin magajin gari. Tsofaffi na kwana a azuzuwa, ana raba musu abinci cikin ƙananan akwatuna, wasu sun shafe fiye da shekara biyu a haka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magajin garin, Katsutaka Idogawa. Garinsa ya ci moriyar kuɗin tallafin tashar shekaru da yawa, alhali lantarkin da take samarwa Tokyo ake kai shi. Fim ɗin bai wanke shi ba, bai kuma jefe shi ba. Ya bar mu muna kallon mutum yana auna abin da garinsa ya karɓa da abin da ya rasa. A ganina wannan haƙurin shi ne adalcin da kyamara ke iya yi wa wanda bala'i ya samu.

Yoju Matsubayashi kuwa dawaki ya bi. A yankin Soma akwai hawan Nomaoi, wanda mutanen wurin ke cewa ya haura shekara 1,000, inda mahaya ke fitowa cikin sulken samurai da tutocin gidajensu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan daushe ya san doki a irin wannan rana ya wuce dabba, martabar gida ce ke tafiya da ƙafa huɗu. Fim ɗinsa na 2013 ya nuna dawakin da aka bari cikin yankin da aka rufe, yunwa ta rame da su, aka kuma ƙyale su da rai saboda bikin. Ko a shekarar bala'in an yi hawan, ko da yake a taƙaice. Ba na ɗaukar wannan a matsayin shaidar warkewa. Mutane ne suka ƙi yarda a ce sun watse, tun ba su san ko za su koma gida ba.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Manomin Fukushima da aka gwada shinkafarsa aka tarar da ita lafiya yana da haƙƙin ya sayar, kuma duk fim da ya sake nuna kangon gari yana iya ƙara wa masu saye tsoro. Yawan tuna ciwo ma zalunci ne ga mai neman ci gaba da rayuwa. Na yarda da wannan. Sai dai gaggawar shelar warkewa ta fi shi haɗari, domin da zarar an ce an warke, wanda bai koma ba ya zama mai taurin kai, tallafinsa kuma ya zama abin a yanke. Sinadarin siziyom 137 sai ya yi wajen shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu, babu wa'adin gwamnatin da ya kai haka.

A Agustan 2022 aka buɗe wani sashe na Futaba domin zama. Garin da ke da mutum kusan 7,000 kafin bala'in, ko kashi ɗaya cikin goma ba su dawo ba. Yaran da suka bar shi a goye sun girma a wasu garuruwa, can abokansu suke, can suka san hanyar makaranta.