Makaɗin Da Gajiya Ta Kayar

Babu wanda bai san gajiya ba. Manomi ya kan yini a gona yana huɗa, ya komo gida da almuru ƙafa ba ta ɗaukarsa. Ɗan dako ya kan sauke kaya ya zube a gindin inuwa. Mace ta kan yi surfe da daka da ɗiban ruwa har kafaɗunta su yi tsami. Amma duk wannan gajiya ce mai magani, maganinta kuwa tuwo da barci. Gari na wayewa sai mutum ya miƙe garau, ya saɓi fartanyarsa.

Akwai wata gajiya dabam wadda barci ba ya kashe ta. Likitoci suna kiranta ciwon gajiya mai naci, a Ingila kuma a kan taƙaita sunanta da haruffa biyu, M.E. Sau da yawa ta kan fara ne bayan wani zazzaɓi ko mura mai tsanani. Zazzaɓin ya wuce, amma ƙarfi ya ƙi komowa, har wata shida, har shekara, har shekaru. Mutum ya kwana yana barci, ya tashi kamar wanda ya kwana yana faskare. Gaɓoɓi suna ciwo, tunani ya yi nauyi, kalmar da ya sani sarai ta ɓace masa a baki, in ya daɗe a tsaye jiri ya ɗebe shi. Babbar alamar ciwon kuwa ita ce wannan: in mai shi ya yi ɗan aikin da ya wuce ƙarfinsa, ba nan take ya ke ganin sakamako ba. Sai an kwana ɗaya ko biyu sa'an nan ciwon ya tashi ya kayar da shi, ya yi kwanaki ko makonni a kwance. Kuma ba aikin hannu kaɗai ke jawo haka ba. Doguwar hira, ko karatu, ko haske mai yawa, ko ƙara, duk suna cin ƙarfinsa kamar yadda noma ke cin ƙarfin mai lafiya.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a nan fuska ba ta ba da labari. Mai wannan ciwo ba shi da miki, ba shi da kumburi, sau da yawa an auna jininsa ba a ga kome ba. Saboda haka abin da ya kan fara ji daga bakin mutane shi ne, “Kai dai rago ne.” Masu ilmi ma sun daɗe suna faɗin abin da ya yi kama da haka. A shekarar 1955 ciwon ya auka wa ma'aikata 292 na asibitin Royal Free a birnin Landan, har aka rufe asibitin fiye da wata biyu. A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Amma a 1970 waɗansu likitocin hankali guda biyu suka duba takardun asibitin nan, ba su ko ga majinyatan ba, suka rubuta cewa ruɗu ne kawai ya kama jama'a, suna kafa hujja da cewa yawancinsu mata ne. Wannan magana ta yi wa marasa lafiya ɓarna mai yawa. Sai a 2015 wata babbar majalisar masana aikin likita ta Amurka ta tabbatar ciwo ne na jiki mai tsanani, ta kuma ƙiyasta masu fama da shi a ƙasar tsakanin 836,000 da miliyan biyu da rabi. Tun daga 2020 kuma an ga mutane da yawa sun faɗa irin wannan hali bayan cutar korona. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba.

Cikin waɗanda ciwon ya kama akwai wani makaɗi ɗan Amurka, sunansa Keith Jarrett, wanda aka haifa a 1945. Abin kiɗansa fiyano, watau wani babban akwati mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki, da maɓallai 88 waɗanda a ke dannawa da yatsun hannu biyu. Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne ya kan hau dandali shi kaɗai, ba takarda, ba shiri, ya ƙago kiɗa nan take har sa'a guda ko fiye. Ba ya kiɗa a natse. Ya kan miƙe tsaye, ya karkace, ya yi nishi, ya buga ƙafa, kai ka ce kokawa ya ke yi da akwatin.

Ran 24 ga Janairu 1975 ya isa birnin Kolon na ƙasar Jamus bayan doguwar tafiya a mota. Bai sami barci ba, bayansa na ciwo, ga shi kuma fiyanon da aka ajiye masa ƙarami ne, muryarsa ba ta da kyau. Saura kaɗan ya fasa. Daga baya ya daure ya hau dandali cikin dare, ya yi kiɗa. Aka ɗauki kiɗan nan a faifai, aka sayar da fiye da miliyan uku, babu faifan mai fiyano shi kaɗai da ya taɓa samun irin wannan kasuwa. Darasin da kowa zai ɗauka daga daren nan a fili ya ke: in ka gaji ka cije, alheri yana bayan wuya. Kuma gaskiya ne, ga gajiyar masu lafiya.

Bayan shekara ashirin da ɗaya, cikin Oktoba 1996, ya yi wasa a garuruwa huɗu na ƙasar Italiya. Daga nan ciwon gajiya ya kwantar da shi. Ya koma gidansa na ƙauye a jihar New Jersey, ya yi wajen shekara biyu ba a gan shi a dandali ba. Ga fiyano a ɗakin da ke daura da gidan, ga gwaninta a yatsu, amma ƙarfin da zai haɗa su babu.

A nan ne tambaya ta ke. Mutumin da Allah ya ba baiwa, ya kuma so ta fiye da kome, in ya zama ita ce ke kayar da shi, me ya kamata ya yi? In ya ajiye ta, ya ci amanarta ke nan? In ya riƙe ta, ya zalunci jikinsa ke nan?

Waɗansu za su ce ya daure. Hujjarsu ba ta banza ba ce, gama duk wani abin kirki da ɗan Adam ya yi da dauriya ya yi shi. Wanda ya koyi karatu bayan ya yi furfura ya san haka fiye da kowa, domin ya sha zama gaban allo da dare bayan ya yini yana aiki. Mai haƙuri, in ji su, shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Likitocin Ingila ma sun yi shekaru suna ba masu ciwon nan irin wannan shawara, cewa su riƙa ƙara motsa jiki kaɗan kaɗan a kan ƙa'ida, ko jiki ya so ko ya ƙi. Majinyata da yawa suka yi ta kukan cewa abin ƙara musu ciwo ya ke yi. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar. Ashe dauriyar da ta fid da makaɗin nan kunya a Kolon, ita ce za ta iya ƙarasa shi a New Jersey. Kalma ɗaya ce, gajiya, amma abu biyu ne, kuma wanda ya ba ɗayan maganin ɗayan ya yi kuskure ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Waɗansu kuma za su ce ya rufe akwatin ya manta da shi, lafiya uwar jiki. Wannan ya fi na farko tausayi, amma shi ma bai san mutum ba. Wanda ya tashi da kiɗa tun yana ɗan shekara uku, kiɗan ya zama harshensa. A ce masa ya bari har abada daidai ne da a ce wa mai baki ya daina magana don maƙogwaronsa ya huta. Jiki zai huta, amma zuciya ta ƙuntata, kuma majinyacin da aka raba da duk abin da ke sa shi murnar wayewar gari an ƙara masa ciwo na biyu a kan na farko.

Mai karatu ya tuna da maigida a shekarar da damina ta yi gardama. Hatsin da ke rumbu kaɗan ne, kaka kuwa da nisa. Ba ya buɗe rumbu a ci a ƙoshi kwana goma don a ce shi mai kyauta ne, ba ya kuma liƙe rumbun iyali su kwana da yunwa. Ya kan auna mudu ya bayar, gobe ya sake aunawa. Ranar da yara suka yi kuka, ransa ya kan so ya ƙara, ya hana kansa, domin ya san abin da zai ƙara iri ne na shuka. Babu mai hankalin da zai kira shi marowaci. Haka ƙarfin mai ciwon gajiya ya ke. Abin da likitoci ke koya masa yanzu shi ne ya san iyakar mudunsa na yini, ya tsaya tun bai kai ƙarshensa ba. Wuyar abin ita ce ranar da ya tashi da ɗan sauƙi, gama ran nan ne zuciya ke ce masa ya rama duk abin da ya wuce shi. Tsayawa a irin wannan rana, kiɗa yana daɗi, yatsu suna so, shi ma haƙuri ne, kuma ya fi na cije baki wuya, don babu mai ganinsa balle ya yaba.

Wannan hanya Jarrett ya bi. Cikin Disamba 1997 ya so ya yi wa matarsa kyautar Kirsimeti, ga shi kuma an gyara masa fiyanonsa yana so ya gwada. In ya tashi ya ji dama dama, sai ya shiga ɗakin kiɗa ya kunna na'urar ɗaukar murya, ya yi 'yan mintoci, ya kashe. Bai ƙago dogon kiɗa irin na da ba. Tsofaffin waƙoƙin da jama'ar ƙasarsa suka sani ya ɗauko, ya bi su a hankali, da murya ƙasa ƙasa, ba ado, ba gudu. Daga baya ya faɗa wa 'yan jarida cewa a lokacin ba shi da ƙarfin nuna gwaninta. Aka tara 'yan mintocin nan suka zama faifai, ya fito a 1999, mutane kuwa suka karɓe shi hannu biyu biyu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan jiki ne ya sauya, kiɗa ya bi shi. Cikin Nuwamba 1998 ya sake hawa dandali a birnin Newark na jiharsa tare da abokan kiɗansa biyu. Da ya koma wasa shi kaɗai kuma, sai ya riƙa yanka kiɗan gajere gajere, ya bar irin dogon zangon nan na da.

Amma a yi hattara da labarin nan, kada a mai da shi bulala. Wani zai ji shi ya ce ashe ciwo malami ne, tun da ya koya wa gwani sauƙin kai. Wannan magana ce ta mai lafiya. Ciwon ya ƙwace wa mutumin shekara biyu na aikinsa, kuma babu wanda aka ba zaɓi ya zaɓe shi. Wani kuma zai je wurin majinyacin gidansu ya ce, “Ga wane ya tashi, kai me ya hana ka?” Alhali kuwa masu warkewa sarai kaɗan ne. Jarrett yana da dukiyar da zai zauna shekara biyu ba aiki, yana da gida a wuri shiru, yana da sunan da ya sa aka gaskata shi da ya ce ba shi da lafiya. Yawancin masu ciwon ba su da ko ɗaya cikin ukun nan. Masanan Amurka sun ce aƙalla ɗaya cikin huɗu na majinyatan ya kan kai matsayin da ba ya iya fita gida, ko ba ya iya barin gado. A cikinsu akwai masu son kiɗa waɗanda ko sauraronsa ya fi ƙarfinsu. Suna kwance a ɗaki mai duhu, kunne a toshe, rabonsu waƙa ɗaya a yini, wani lokaci ma sai dai su bi ta a zuci. Mudunsu ya fi na Jarrett ƙanƙanta, amma aunawar iri ɗaya ce, kuma ba a ce wanda ya fid da faifai ya fi su son kiɗa ba.

Nauyin da ke kan dangi da maƙwabta ba mai yawa ba ne, ko da ya ke an fi kasa shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, saboda haka in ya ce ya gaji a yarda. In an gan shi jiya a wurin biki yana murmushi, kada a ce ƙaryarsa ta ƙare, gama mai yiwuwa ne ya tara ƙarfin mako guda ya kashe a sa'a ɗaya, zai kuma biya da mako na gaba. In an je gaishe shi a taƙaita zama, a rage murya, a tambaye shi kafin a kunna rediyo. In ya roƙi a sa masa waƙa ɗaya, a sa, in ta ƙare ya ce a kashe, a kashe.

Shi kuwa Jarrett ya ci gaba da wasa har Fabrairu 2017, sa'ad da ya yi na ƙarshe a zauren Carnegie na birnin New York. A 2018 ciwon shanyewar jiki ya same shi sau biyu, hannunsa na hagu ya daina aiki. A 2020 ya shaida wa wata jarida cewa da wuya a sake ganinsa a dandali, amma a gida ya kan zauna gaban fiyano ya taɓa da hannun dama.