Abin da ya halatta a cire daga tsohuwar mota

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, duk mai tsohuwar mota a ƙasar Katagum ya zama ma'abocin lissafi. Direbobin Golf da Sharon da Vectra masu jigila daga Azare zuwa Potiskum, Misau, Jama'are da Gamawa, har da masu ragowar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, kowa yana neman dabarar da lita ɗaya za ta kai shi nesa. Cikin shawarwarin da suka fi yawo a bakin kanikawa akwai rage wa motar nauyi, domin ba ya bukatar kuɗi, sifana kawai yake bukata. Shawarar tana da tushe. Sai dai tana ɗauke da tambayar da ta fi ƙarfin kanikanci: idan mota taka ce, halalinka, shin duk abin da ke jikinta kana da ikon cirewa? Ra'ayina shi ne a'a. Ikon mai mota yana tsayawa daidai inda amincin wani ya fara, kuma abin da mutum ya zaɓa ya fara cirewa yana nuna abin da ya raina.

A fara da lissafin, don kada a yi wa'azi a kan iska. Injiniyoyin mota sun daɗe da kiyasta cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin mota yana rage shan mai da kamar kashi 6 zuwa 8. Ƙaramar Golf ba ta wuce kilo 1,000 da 'yan kai ba idan babu kowa a ciki. Safaya da jak da sifanar taya, a haɗe, ba su fi kilo 20 ba. Ke nan wanda ya ajiye su a gida ya rage ƙasa da kashi 2 na nauyin, ribarsa a mai kuwa kusan kashi 1 ce, wadda iskar taya da ba ta cika ba za ta cinye ta nan take. Buhun gero guda kuwa yana kai kilo 100, na siminti 50. Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar. Nauyin da ke cin mai yana cikin lodi, kayan kariya ba su taka kara sun karya ba.

Malamanmu na Malikiyya sun tattauna irin wannan matsala tun kafin a ƙera mota, a babin jirgin ruwan da ake tsoron nutsewarsa. Shehu Dardir, malamin Misira da ya rasu a 1786, ya tattaro hukuncin a Aƙrabul Masalik da sharhinsa: ya halatta a zubar da kaya a teku don a tsira, a fara da mai nauyi mai ƙarancin daraja ko mai cika wuri, ba a jefa ɗan Adam ko wane ne shi, sannan a raba asarar a kan dukiyar fatauci da ke cikin jirgin. Abin sha'awa a nan shi ne tsarin. Malaman ba su hana rage nauyi ba, sun ma mayar da shi hanyar tsira. Amma sun jera abubuwa daki-daki, suka ɗora rai a inda hannu ba ya kaiwa, suka kuma hana a jibga wa mutum ɗaya asarar da kowa ya ci moriyarta.

Idan aka auna tsohuwar mota da wannan ma'auni, akwai abin cirewa da yawa, kuma duk kyauta. Tarkacen da ya shekara a but, mataccen batir, tsofaffin ƙarafa, manyan sifiku, ƙarfen saman mota da ba a amfani da shi, wanda ban da nauyi yana tare iska, ƙarafan ado da mai walda ya liƙa gaba da baya, da busasshiyar lakar damina da ta daskare a ƙarƙashi. Mai yawo cikin gari ma ba dole ne ya cika tanki ba, tunda kowace lita tana kai kashi uku cikin huɗu na kilo. Duk waɗannan na jin daɗin mai mota ne ko na sakacinsa, ya cire su ba wanda zai tambaye shi. Amma bel, da matashin kai na kujera da ke tare wuya idan aka buge mota ta baya, da ƙarfen cikin bamba, da safaya a hanyar da mai faci ke da nisa, waɗannan an saka su ne saboda ranar da ba a fata. Haka abin nan na cikin salansa da kanikawa ke kira indomi: nauyinsa kaɗan ne, ana cire shi ne don ƙarfe mai tsada da ke ciki, hayaƙin da yake tacewa kuwa huhun mai talla da ɗan acaɓa da ke biye ne zai shaƙa. Masu tseren mota a Turai sukan kwashe kujeru da darduma, gaskiya ne, amma sukan ƙara kejin ƙarfe da bel mai ƙarfi a madadinsu, kuma ba su ɗaukar fasinja.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin rage nauyin da ake yi a tashoshinmu ba rage nauyi ba ne, buɗe wuri ne. A cire safaya mai kilo 15 a zuba buhu mai kilo 100 a gurbinta, a sa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, a ɗaure but da igiya yana hangame. Motar da aka ƙera don ɗaukar abin da bai kai rabin tan ba sai ta tashi tana jan gindi. Birki yana tsayar da nauyi ne da gudu tare, idan nauyi ya ƙaru sai ya yi zafi ya yi sanyin kamu, taya kuwa a kwaltar watan Afrilu ba ta jure abin da ya wuce ƙa'idarta. Wannan ƙasa ba baƙuwar sufuri ba ce. Ta Katagum ayarin Borno ya riƙa bi zuwa Kano a da, ta nan Bature matafiyi Clapperton ya ratsa a farkon 1824, kuma madugai sun san raƙumin da aka zalunta da kaya yakan ƙi tashi. Mota ba ta gardama, sai dai ta fashe taya a tsakiyar gudu. An ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa wakilinsa a Misira yana ƙayyade nauyin da za a ɗora wa raƙuman dako, bayan ya ji ana wuce gona da iri. Fiƙihun Malikiyya kuma ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi hayar dabba ya ƙara mata kaya fiye da sharaɗi har ta halaka. In dabba tana da wannan haƙƙi, ina ga mutanen da aka cusa a kan buhuna?

Za a ce larura ce, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Direban haya yana da balas da zai kai wa mai mota da yamma, ga kamasho a tasha, ga abin da ake miƙawa a hanya, ga mai, ga cefane. Fasinja shida maimakon huɗu shi ne bambancin riba da faɗuwa. Ban raina wannan ba. Amma ƙa'idar larura a shari'a tana tafe da iyakarta: ana ɗaukar gwargwadon bukata ne, kuma ba a kawar da cutar kai ta hanyar ɗora wa wani irinta ko wadda ta fi ta. Wanda yunwa ta tilasta ya ci mushe kansa ya ciyar da shi. Direban da ya cire bel ya ƙara buhu yana biyan larurarsa ne da wuyan wani.

Za a kuma ce kwana ba ya ƙarewa sai lokacinsa ya yi. Gaskiya ne, ba Musulmin da ke musun ajali. Sai dai hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah ya riga ya raba gardama, domin an umarce shi ya haɗa biyun. Ban da haka, shari'ar da ta koyar da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. Da ambaton ajali yana wanke mai sakaci, da ba a shar'anta su ba. Kuma ba duk haɗari ke kashewa ba. Masu jinya a Asibitin Tarayya na Azare da masu ɗorin gargajiya sun san karayar da ke barin magidanci a kwance shekara da shekaru.

Saura hujjar yarda: ai fasinja da idonsa ya ga lodin ya shiga. Yardar da ba ta da zaɓi ba cikakkiya ba ce. Matar da ta fito daga ƙauyen Gamawa da yaro marar lafiya ba ta da wata motar, kuma ba ta san an cire ƙarfen bamba ko tayar ta sha faci biyar ba. Yaron da ke cinyarta da mai keken da ke gefen titi kuwa ba wanda ya nemi yardarsu. Amma a nan hukuncin jirgin ruwa yana juyowa kanmu mu fasinjoji, don ya ce a raba asara. Idan za a bar kujerar gaba ga mutum ɗaya, a mayar da safaya gurbinta, kuɗin da direba ya rasa dole wani ya ɗauka. Mai mota ya sassauta balas, ƙungiyar direbobi ta rage abin da take yanka a kowane lodi ta kuma hana motar da ta wuce ƙa'ida fita daga tasha, fasinja ya yarda da ƙarin da zai biya kujerar da aka bari, ɗan kasuwa ya kai buhunansa ga motar kaya. Wanda ya tsaya yana ciniki a kan naira ɗari biyu har direba ya ƙara mutum na bakwai, yana da kaso a cikin nauyin da birkin zai tsayar.