Aro da Sata: Darasi Daga Hannun Masassaƙi

'Yan'uwa, akwai tambayar da ta cancanci mu zauna mu auna: in mutum ya ɗauki zanen wata al'umma ya sa cikin aikinsa, ya ƙaru ne, ko ya yi sata, ko kuwa ya yar da gadon gidansu?

Bari mu dubi El Anatsui, ɗan ƙabilar Ewe wanda aka haifa a Gana a 1944. Ya zo Jami'ar Nsukka a 1975, ya koyar da sassaƙa a can shekaru da yawa. Yakan jera katakai, ya tsaga su da zarton inji, ya ƙona da wuta, har layuka da da'irori da kusurwoyi su fito. Cikinsu akwai adinkra na Ashanti, da uli wanda matan Ibo ke zanawa a jiki da bango, da nsibidi na yankin Kuros Riba. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya.

Wani zai ce, ai kayan aro ba ya rufe katara. Maganar tana da nauyi, gama wanda ba shi da tushe, kome ya yafa, na wani ne. Amma mu duba kusa da gida. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen dā, kusa da duwatsu masu amo waɗanda Bernard Fagg ya ba da labarinsu a 1955. Shanun da aka zana ba su da tozo. Masu tozon da makiyaya ke korawa yau tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, asalin irinsu daga Indiya yake. Wa zai kira su baƙi yanzu? Ashe yawancin abin da muke kira gado, aro ne da kakanninmu suka riƙe da kyau har ya zama nasu.

Saboda haka laifin ba ya cikin aron, sai cikin halin mai aro. Mai aro na kirki yakan zauna ya koya a wurin masu abin, har ya san ma'anarsa. Yakan faɗi inda ya samo. Ba ya kuwa barin mai abin hannu wofi. Ɓarawo kuwa yakan ɗauki siffar, ya zubar da ma'anar, ya ɓoye sunan mai ita.

Mun ga irin aro na kirki a Oye-Ekiti, inda aka buɗe wurin sassaƙa a 1947 a hannun Fada Kevin Carroll. Lamidi Fakeye, Bayarabe kuma Musulmi, ya yi aiki da shi, ya sassaƙa ƙofofin majami'u da salon Yarabawa. Bai bar addininsa ba, Ikilisiya kuwa ba ta ɓoye sunansa ba. Kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

To, ina wannan ya shafe mu? Ya shafe mu ranar kasuwa. Wanda ya sayi ƙwarya mai zane ko akushi a ƙauye da ɗan abin da bai kai wahalar maƙerinsa ba, ya kai birni ya ninka kuɗin, ya kuma ce shi ya ƙago, lalle ya ci haƙƙi sau biyu: na gumi da na suna. Ya shafe mu kuma a gida, sa'ad da muka tsawata wa yaro don ya koyi sana'a a hannun wanda ba yarenmu ko addininmu ɗaya ba, sa'an nan muka bar gizagon kakansa yana tsatsa.

Mu koya wa 'ya'yanmu namu tukuna, domin su sami inda za su dasa na wasu. Sa'an nan su ara ba tare da tsoro ba, su biya ba tare da ƙwange ba, su kuma ambaci malaminsu ko daga wace al'umma ya fito.