Haƙƙin Ɗan Rakiya

A ƙasashen Turai akwai wani irin zaman waƙa da ba ya buƙatar taron makaɗa ko 'yan rawa. Mutum biyu ne kawai ke hawa dandamali: mawaƙi ya tsaya a jikin fiyano, mai kaɗa fiyanon ya zauna. Babu lasifika, babu kayan wasa, muryar mutum ce tsurarta za ta cika zaure na tsawon sa'a ɗaya da wani abu. Abin da ake rerawa kuwa rubutattun baitoci ne na sha'irai, waɗanda wasu gwanaye suka ɗora wa karin sauti, galibi tun ƙarni na 19. Duk matashin da ke neman a san da shi a wannan fage sai ya bi ta wannan ƙofa, domin a nan ne mawaƙi ba shi da wurin ɓuya.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne takardar sanarwar irin wannan zama. Sunan mawaƙi ake rubutawa da manyan baƙaƙe, na mai fiyano kuwa a ƙasa, ƙanana. A fayafayan garmaho na farkon ƙarni na 20 ma sau da yawa ba a sa sunansa ko kaɗan, sai dai a ce waƙar wane ce tare da fiyano, kamar fiyanon ne ke kaɗa kansa. Sunan da Turawa suka ba shi ma'anarsa ɗan rakiya, mu kuwa Hausawa mun san abin da muke nufi in muka ce wane ɗan rakiya ne. To shin wannan zalunci ne, ko kuwa haka aikin ya gada?

Bari mu ɗauki misali guda. Ranar 2 ga Mayu, 1955, wani Bajamushe mai suna Dietrich Fischer-Dieskau, yana ɗan shekara 29, ya yi zamansa na farko a birnin Niyok na Amurka, a zauren Town Hall. Ya rera jerin waƙoƙi 24 na Franz Schubert da ake kira Winterreise, wato tafiyar hunturu, bai tsaya hutu ba. Wanda ya zauna a fiyano Baturen Ingila ne, Gerald Moore, wanda ya girme shi da shekara 26, ya kuma daɗe yana raka manyan mawaƙa tun saurayin bai san komai ba. Tun 1951 suka fara aiki tare a Landan. Amma jama'a saurayin suka zo gani.

Mai karatu zai iya cewa ai murya ce waƙa, saura duk ado ne. Wanda ya faɗi haka bai san abin da ke faruwa a kan kujerar nan ba. Mai fiyano ne ke buɗe waƙa kafin mawaƙi ya buɗe baki, shi ne kuma ke rufe ta bayan ya yi shiru. Dole ya san inda abokinsa zai ja numfashi, ya jira shi ba tare da an gane jira ake yi ba. In mura ta kama mawaƙi ya ce a sauke sautin ƙasa, sai ya sauke. In ruɗewa ta sa ya tsallake layi, sai ya tsallaka tare da shi nan take, zaure bai sani ba, wani lokaci shi kansa mawaƙin bai sani ba. Akwai wata waƙa da Schubert ya tsara a 1815 yana ɗan shekara 18, a kan baitocin Goethe, labarin uba da ke sukuwa cikin dare da ɗansa a hannu. Mawaƙi yana sauya murya har huɗu, shi ake tafa wa. Amma dokin fa? Dokin yana hannun daman mai fiyano, wanda zai yi ta dukan sauti guda da gudu kusan minti huɗu har tsintsiyar hannunsa ta ƙage. Wahalar ta kai shi kansa Schubert sai da ya rubuta wata siga mai sauƙi. In ka cire dokin, babu gaggawa, babu tsoro, sai wani mutum yana ba da labari.

Masu ganin zalunci ne sai su ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu kare al'adar kuma su ce ai gwanintar ɗan rakiya ita ce kada a lura da shi, ranar da aka fita ana zancen fiyano to ya danne waƙar ke nan. Akwai kuma wata hujja da ba ma so mu raina. Suna ba yabo kaɗai yake jawowa ba. In murya ta tsinke a tsakiyar baiti, ba mai fiyano jaridu za su yanka ba washegari. Matashin da ke tsaye yana fuskantar jama'a, ba takarda a gabansa, rayuwarsa ya ɗora a kan wannan dare. In ya faɗi, mai fiyano gobe zai raka wani. Wanda ya ɗauki zargi yana da haƙƙin ya ɗauki kaso mafi tsoka na suna, wannan mun yarda.

Inda muka rabu da su shi ne, sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai ɓuya a cikin aiki, akwai kuma ɓoyewa bayan aiki. Ta farko ɗan rakiya ne ya zaɓe ta da kansa, ya rage sautinsa domin baiti ya fito, kuma wannan daraja ce da ba kowa ke iya kai wa gare ta ba. Ta biyu kuwa wani ne ke yi masa ita. Tawali'un mutum kyauta ce da ya bayar, ba izini ba ne na a shafe shi. Shi kansa Moore bai ɗauki ƙanƙan da kai a matsayin yin shiru ba. A 1943 ya fitar da littafi a kan sana'arsa, ya kira kansa ɗan rakiyar da ba ya jin kunya, a 1962 kuma ya sa wa tarihin rayuwarsa suna cikin zolaya, yana tambaya wai ko sautinsa ya yi yawa.

Abin da ya kamata ya sanyaya wa mai tasowa jiki shi ne, shi ma ɗin ɗan rakiya ne. Baitocin Winterreise na Wilhelm Müller ne, wanda ya rasu a 1827, shekarar da aka ɗora musu sauti, yana ɗan shekara 32. Schubert ya bi shi a 1828 yana da 31, bayan ya bar waƙoƙi sama da 600. Kuma a zamaninsa, a birnin Biyana, Schubert ne ke zama a fiyano yana raka wani shahararren mawaƙi, Johann Michael Vogl, wanda sunansa ne ke tara jama'a. A 1816 wani abokinsa ya aika wa Goethe da kundin waƙoƙin da saurayin ya tsara a kan baitocinsa, aka dawo da kundin babu amsa. Waƙar ƙarshe ta Winterreise ma a kan wani tsohon makaɗi ce da ke tsaye a bayan gari cikin sanyi, ba mai saurarensa, ba mai jefa masa ko anini, sai matafiyin ya tambaye shi ko zai yarda ya kaɗa masa. Da wannan roƙo mawaƙin ke rufe bakinsa.

'Yan uwa marubuta, ba don kiɗan Turawa kaɗai muka kawo wannan zance ba. Mawaƙanmu na baka sun fi mu adalci a nan, domin sukan juya tsakiyar waƙa su kira mai kalangu ko ɗan amshi da sunansa, duniya ta ji. Mu fa? A buɗe littattafanmu a duba shafin godiya. Za a tarar da sunaye sun kusa arba'in: alhazai, masu mulki, surukai, har da wanda bai taɓa buɗe littafin ba. Amma abokin da ya kwana uku yana karanta rubutun hannu, ya ce babi na huɗu ba shi da amfani a cire, ya gyara ƙarshen labarin da ya tsaya mana a wuya, shi ne ba a gani, ko kuma a cusa shi cikin "da sauran waɗanda ba mu ambata ba". Dalilin ba mantuwa ba ne. Ambaton alhaji yana ƙara mana girma, ambaton mai gyara kuwa muna tsoron ya rage mana, kada a ce ashe ba mu kaɗai muka yi ba. Sabon marubuci ya fi kowa shiga wannan jarrabawa, domin sunan bai gama kafuwa ba, yana ganin ba zai isa a raba ba.

Fischer-Dieskau dai sunansa bai ragu ba don an san wanda ke bayansa. Ranar 20 ga Fabrairu, 1967, da Moore zai yi ban kwana da dandamali a zauren Royal Festival na Landan, shi da Elisabeth Schwarzkopf da Victoria de los Ángeles, manyan mawaƙa uku na zamanin, suka zo suka rera domin karrama shi. A ƙarshen zaman suka bar masa dandamalin, ya kaɗa wata waƙar Schubert shi kaɗai, babu murya. Bayan wannan dare su biyun suka ci gaba da aiki a ɗakin ɗaukar sauti, har zuwa 1972 suka kammala ɗaukar waƙoƙin Schubert sama da 400, sunayensu biyu a jikin akwatin fayafayan.