Rufin Asiri ko Algus? Ranar da Ake Auna Jami'a

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa zama a lakwal ranar da aka ce sufeto zai zo? Ni na zauna. Tun jajibiri mushe ya sa mu share fili, mu yayyafa ruwa. Tebura masu karyayyun ƙafafu aka kai su bayan aji. Yara masu ƙoƙari aka zaunar da su gaba, masu raunin karatu aka tura su can ƙurya. Sufeto ya zo, ya yi tambaya, na gaba suka amsa, ya rubuta, ya tafi. Washegari aka maido da karyayyun tebura, na ƙurya kuma suka ci gaba da zama ba su iya karatu ba. A lokacin mun ɗauka mun fitar da lakwal ɗinmu kunya. Da na girma sai na fara tambayar kaina: wa muka taimaka ran nan, wa kuma muka cuta?

Wannan tambaya ita ce nake so mu duba tare, amma game da lakwal mafi girma, wato jami'a.

Ka san jami'o'i sun yawaita a ƙasarmu. Da can guda ce, ta Yamai, wadda ta fara a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, daga baya aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin hasken rana, haifaffen Tasawa. A 2010 aka kafa ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa. A 2014 aka ƙara ta Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ga kuma manyan makarantu na masu zaman kansu. Kowace tana ba da takardar shaidar ƙare karatu, wadda muke ce wa difilom. To, wa zai gaya wa manomin da ya sayar da gero ya biya wa ɗansa karatu cewa takardar nan tana da nauyi?

Saboda haka ne ake auna jami'a. Ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suna da wata hukuma ta haɗin gwiwa mai suna CAMES. A Yamai aka kafa ta a 1968, mazauninta yana Wagadugu, kuma masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo shi ne magatakardanta na farko. A 1972 aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar amincewa da difilom tsakanin ƙasashen. Idan hukumar ta amince da wani difilom, mai shi yana iya gabatar da shi a Dakar ko Abijan a san darajarsa.

Awon jami'a, a yawancin wurare, hawa uku ne. Da farko jami'a takan binciki kanta, ta rubuta inda take da ƙarfi da inda take da rauni. Na biyu, malamai masana daga waje su duba abin da ta rubuta, su gwada shi da abin da ke ƙasa: malamai nawa ne na dindindin, nawa ne ƴan haya, wane matsayi gare su, ɗakin littattafai da ɗakin gwaje-gwaje suna aiki ko suna kulle, ana ƙare darussan shekara ko ana tsallake su, yaya ake jarrabawa, ina waɗanda suka gama suke zuwa. Na uku, a yanke hukunci: an amince, ko an amince da sharaɗin gyara, ko an ƙi.

Hawa na farko shi ne mai wuya, don nan ne ake ce wa mutum ya faɗi aibin gidansa da bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma zai nuna wa baƙo wurin?

Sa kanka a matsayin shugaban wani sashe na jami'a. Ka san malaminka na wani fanni mai muhimmanci ya tafi, ba a maye gurbinsa ba. Ka san na'urorin ɗakin gwaji sun lalace, ɗalibai a allo kawai suke ganin abin da ya kamata su taɓa da hannu. Ga masu awo suna tafe. Kana iya aro na'ura daga wani wuri ta kwana uku. Kana iya barin sunan malamin da ya tafi cikin takarda. Idan ka yi haka, wataƙila a amince. Idan ka faɗi gaskiya, wataƙila a ƙi, ɗaliban da suka yi shekara uku suna wahala su fita da takardar da ba a karɓa a waje. Me za ka yi?

Kada ka yi saurin zagin wanda ya ɓoye. Yana da hujja, kuma hujjar daga tarbiyyarmu ta fito. An koya mana rufin asiri. Muna roƙon Allah ya rufa mana asiri. Mutumin kirki ba ya tallar talaucin gidansa, ba ya tona na maƙwabci. Mai ɓoyewa zai ce maka: “Ban ci kobo ba. Ƴaƴan talakawa nake karewa. Wasu ma haka suke yi, don me ni kaɗai zan tona kaina?”

Amma duba da kyau, rufin asiri iri biyu ne. Akwai aibin da ya tsaya a kan mai shi: mutum ya kwana da yunwa, ya fito da wankakkiyar riga. Wannan mutunci ne. Akwai kuma aibin da zai faɗa kan wani: mai gyaɗa ya zuba tsakuwa a gindin buhu, ya rufe da mai kyau a sama. Wannan ba mai ce masa rufin asiri, sunansa algus. Abin da ya raba su tambaya guda ce: idan abin ya ɓoyu, wa zai biya?

A jami'a, masu biya suna da yawa, kuma ba sa wurin ranar awo. Ɗalibi shi ne na farko, don ya ɗauka ya koyi abin da bai koya ba. Sai mara lafiyar da zai kwanta gaban wanda bai taɓa yin gwajin ba. Sai matafiyin da zai hau gadar da aka auna da rabin ilimi. Sai ɗan lakwal na ƙauye da za a ba shi malamin da aka tsallake wa darasi. Shaidar amincewa alkawari ce da ake yi wa waɗannan mutane. Wanda ya samo ta da aron kaya ya sa hannu a alkawarin da ya san ba zai cika ba.

Akwai kuma wata asara da mai ɓoyewa bai lissafa ba. Raunin da ba a rubuta ba, ba a ware masa kuɗi. Idan takarda ta ce malamai sun isa, wa zai ɗauki sabon malami? Idan ta ce na'ura tana aiki, wa zai sayo wata? Ka tuna karyayyun teburan lakwal ɗinmu. Da sufeto ya gan su, da wataƙila ya rubuta a kawo sababbi. Da muka ɓoye su, mu muka ci gaba da zama a kansu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To, ɗaliban nan fa da suke tsakiyar karatu? Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, ba zan ce maka ba ta da zafi ba. Gaskiya takan ci wa mai faɗinta da waɗanda ke hannunsa tsada. Amma maganin abin yana hannun masu awo da gwamnati. Idan duk wanda ya faɗi rauninsa aka rufe masa ƙofa, wanda ya ɓoye kuma aka ba shi shaida, to an koya wa kowa ƙarya. Shi ya sa awo mai adalci yake da matakin tsakiya: a ce ga abin da ya rage, ga wa'adin gyara, za mu dawo mu gani, kuma a nema wa ɗalibai hanyar cike abin da suka rasa. Mai awo kuma ya riƙe tiya guda ga kowa, babba da ƙarami, na gwamnati da mai zaman kansa. Kada liyafa ta rufe masa ido, kada kuma ya zo da niyyar kunyata mutane. Ya faɗi ƙarfin wuri kamar yadda ya faɗi rauninsa, don ƙin yaba abin da ya cancanta shi ma tauye mudu ne.

Kai ma, mai karatu, kana da rabo cikin wannan aiki, ko da ba ka taɓa taka jami'a ba. Kafin ka sayar da tunkiya ka biya kuɗin makaranta, tambaya: wannan difilom an amince da shi? Wa ya amince? A nuna maka takarda. Idan kai ɗalibi ne, masu awo suka tambaye ka, faɗi abin da ka gani, kada ka rage, kada ka ƙara. Ba cin amanar malamanka ka yi ba. Ƙannenka da za su zauna a kujerar nan bayanka, su ma amanarsu tana wuyanka.

Kuma ka duba naka gidan. Kowannenmu yana da ranar da sufeto zai zo masa: a kofaratif, a ajin yaƙi da jahilci, a wurin aiki. Ran nan, kafin ka ɗauki karyayyen tebur ka kai bayan aji, tambayi kanka wanda zai zauna a kansa gobe.