Hatsin Tashe: Bara ne ko Tukuici?

Idan azumi ya kai goma, aka sha ruwa, aka idar da asham, mutanen Yankara da ƙauyukan da ke tsakanin Faskari da Sabuwa sun saba jin kiɗan gwangwani a ƙofar zaure, sai ga yaro ya liƙa gemun auduga, ya zurma rigar kakansa tana sharar ƙasa, yana dogara sanda wai shi tsoho ne. Uwar gida kuwa, da dariyarta, ta ɗebo gero ko masara ta zuba masa a ƙwarya.

Wasu ma'abota ilmi suna cewa wannan lagawu ne, kuma koya wa yara roƙo ne a watan da ya cancanci a raya darensa da tilawa. Ba na raina hujjarsu, musamman inda wasa ya rikiɗe ya zama cin zarafin gwauro ko cuɗanyar samari da 'yan mata. Amma hakika ban ga bara a nan ba, domin mabaraci rashinsa yake nunawa a tausaya masa, alhali ɗan tashe, wanda wataƙila rumbun ubansa ya fi na mai ba shi cika, hikimarsa ya kawo, ya kwaikwayi marowaci da malalaci a gaban manya, abin da aka ba shi kuwa tukuici ne da haƙƙin maƙwabtaka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa Sahabbai kan yi wa 'ya'yansu abin wasa na gashin tumaki ranar Ashura, su shagala da shi har lokacin buɗa baki. Idan wasa ya yi wa azumi hidima a Madina, da wace hujja za mu kore shi daga zaurukanmu?

Abin da ya fi damuna ma ba saɓanin malamai ba ne. Tashe ya ginu ne bisa amana, wato uba ya saki ɗansa cikin duhu yana da yaƙinin kowace ƙofa tasa ce. Tun kuwa daren da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, wace uwa ce hankalinta zai kwanta yaronta yana waje bayan isha'i? A azumin da ya wuce na auna mudun gero na ajiye a zaure saboda 'yan tashe. Har aka ga watan Salla geron yana nan, ban ji gwangwani ko sau ɗaya ba.