Wanda Aka Zaɓa Bai Zaɓa Ba

A Kanada da Amurka, ƙungiyoyin wasan hoki na ƙanƙara kan raba matasan 'yan wasa kowace shekara, masu rauni su ke fara ɗauka, don kada manya su kwashe gwanaye duka. Amma a 1991 Eric Lindros ya ce atafau ba zai buga wa Quebec ba. A 2024 kuma Philadelphia ta haƙura ta miƙa Cutter Gauthier, ɗalibin Kwalejin Boston, ga Anaheim, don ya ƙi sa hannu.

Kada mu ce abin nasu ne can. Tun 1973 muke da tsarin yi wa ƙasa hidima, kuma mun san yadda ɗan hidima kan fito daga sansanin Wamakko da takardar Kebbe, ransa a ɓace. In Tambuwal ce da sauƙi, tana bakin babban titi. Kebbe kuwa, sai a shiga neman wani babba ya sauya.

To, wa ke da gaskiya? Mu da muka cika littattafanmu da la'antar auren dole, da wane baki za mu ce a ɗaura wa matashi wurin da ba ya so? Sai dai akwai bambanci. Da Gauthier ya ƙi, an ba Philadelphia Jamie Drysdale a madadinsa. In mai koyar da lissafi ya ƙi Kuchi, da wuya a turo wani. 'Yan aji uku ne za su zauna babu darasi har zango ya ƙare, alhali ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.